Nawa Tsohuwar RX-8 Ɗina Za Ta Yi? Tambayoyinku Kan Motocin Gudu na Japan

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, wato darajar tsofaffin motocin gudu ƙirar Japan. Na zaɓi guda uku. Ta farko ta fi cin wuri, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Malam, ina da Mazda RX-8 ƙirar 2005, ja, mai giyar hannu 6, ta yi tafiyar kilomita 140,000. Shekara shida tana hannuna. Bodi lafiya, sai dai na canza mata salansa. Da safe tana tashi bugu ɗaya, amma in ta yi zafi na kashe ta, sai na daɗe ina murza makulli kafin ta kama. Na kai ta wurin wani dillali, ya taya ta kashi ɗaya cikin huɗu na farashin da nake gani a tallace-tallacen intanet. Raina ya ɓaci. Ina jin labarin yadda Toyota Supra da Mazda RX-7 suka yi tsada. Shin in riƙe ta har ta yi daraja, ko kuwa dillalin ne ke son ya cuce ni?

AMSA: Ɗan'uwa, zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Mai yiwuwa dillalin bai cuce ka ba. Ya taya motar ne a matsayin wadda injinta ya kusa gajiya, kuma kai da bakinka ka ba shi hujja a jimla ta huɗu ta wasiƙarka.

Kafin mu zo kan injin, mu sallami maganar Supra da RX-7, domin ita ce ke hana masu irin motarka barci. Gaskiya ne motocin gudun da Japan ta ƙera tsakanin 1989 da 2002 sun yi tashin da ko masu ƙera su ba su zata ba. A 2021 an yi gwanjon Supra mai launin lemo da ta fito a fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, aka sallama ta a kan dala 550,000. Tun daga ranar duk mai tsohuwar mota mai tambarin Japan ya fara yi wa garejinsa kallon banki. To amma kama da wane ba ta wane.

Motocin nan sun tashi ne saboda dalilai da za a iya ƙirgawa. A watan Agusta na 2002 sabbin ƙa'idojin hayaƙi na Japan suka kawo ƙarshen Supra A80 da RX-7 FD da Skyline GT-R R34 da Silvia S15 na kamfanin Nissan kusan a lokaci ɗaya, aka rufe ƙofa, ba ƙari. Yaran da suka taso suna tuƙa su a wasan Gran Turismo, wanda ya fito a 1997, yanzu su ne magidanta masu albashi. Sannan injinansu masu turbo ne, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuma suna karɓar ƙarin ƙarfi. A wancan zamanin kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai rubuta ƙarfin doki sama da 280 a takarda, amma injin 2JZ na Supra, da yake gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, masu gyara kan ninka masa wannan adadin ya ɗauka. Wannan ne ya sa ake rububinsa.

Yanzu ka auna motarka da wannan ma'auni. RX-7 FD an ƙera kimanin 68,000 cikin shekara goma sha ɗaya. RX-8 kuwa, daga 2003 zuwa 2012, an ƙera sama da 190,000, kusan ninki uku ke nan. Ba ta da turbo, kuma injinta na Renesis ba ya ba da ƙarin ƙarfi cikin sauƙi komai kuɗin da aka zuba masa. An sayar da ita sabuwa a Amurka da Turai, saboda haka ba wanda ya yi shekaru yana ƙishinta daga nesa. Tsufa kaɗai ba ya sa wa mota kuɗi. Sai an sami masu nema da suka fi motocin da suka rage yawa.

Kada ka ɗauka ina raina ta. Ina cikin masu ganin RX-8 na daga motocin da suka fi daɗin sitiyari a zamaninta. Injin ƙarami ne, an tura shi can bayan ƙafafun gaba, nauyi ya rabu daidai, tana juyawa har 9,000 a minti ba tare da ta girgiza ba, ga ƙofofin baya da ke buɗewa ta baya babu ginshiƙi a tsakiya. Injin ya ci kyautar injin shekara ta duniya a 2003. Daɗin tuƙi daban, abin da kasuwa za ta biya daban.

To, ga inda kuɗin motarka yake kwance. Injinta ba shi da fistin. Irin wanda Bajamushen nan Felix Wankel ya ƙirƙira ne, wanda Mazda ta riƙe tun Cosmo Sport ta 1967, har ta ci tseren Le Mans da shi a 1991. A cikinsa akwai ƙarfe mai kusurwa uku guda biyu, kowanne yana juyawa a cikin ɗakinsa. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar bangon ɗakin yana tare iska, aikin da ringi ke yi a injin fistin. In waɗannan ƙarafa da bangon suka cinye, matsi ya ragu. Da safe, inji na sanyi, komai a matse yake, sai ta tashi. In ta yi zafi, ɗakin da aka yi da alminiyom ya ɗan buɗe, iska ta sami hanyar zurarewa, sai ka yi ta murza makulli. Duk wanda ya san motar nan, abin da yake fara gwadawa ke nan: ya zagaya da ita ta yi zafi sosai, ya kashe, ya jira 'yan mintuna, ya sake tayarwa. Ina kyautata zaton dillalinka ya yi haka, ko da bai gaya maka ba.

Amma kada ka yanke ƙauna tukuna. Kwayil da suka raunana, ko tsofaffin filogi, ko kik mai kasala, ko batir da ya gaji, duk suna iya kawo wannan alama, kuma gyaransu bai kama ƙafar sauke inji ba. Na farkon ma abin kula ne ƙwarai, domin kwayil mai rauni yana barin fetur ya wuce bai ƙone ba, ya je ya toshe matatar hayaƙi, zafi ya koma wa injin ya ƙarasa shi. Abin da zai raba gardama shi ne gwajin matsi. Ba da na'urar da ake gwada injin fistin ba, wannan ba za ta gaya maka gaskiya ba. Akwai na'ura ta musamman da ke fitar da lamba uku ga kowane ɗaki, shida ke nan gaba ɗaya, tare da saurin da kik ya juya injin. Ana yin gwajin inji na da zafi, a daidaita lambobin a kan juyi 250 a minti, domin kik mai ƙarfi yana iya ɓoye rauni. A ma'aunin Mazda, mai lafiya yana wajen 8.5, mafi ƙarancin da aka yarda da shi kuwa 6.9. Ka kuma duba kada lambobin su yi nisa da juna.

Wannan takarda ita ce farashin motarka. In ba ka da ita, duk mai hankali zai taya ne kamar injin ya mutu, ya cire kuɗin sauke shi daga abin da zai ba ka. Mu ƙaddara irin motarka mai cikakkiyar lafiya tana yin kashi 10, bakanike kuma ya ce sake gina injin zai ci kashi 6. Mai saye ba zai ba ka 4 ba. Zai rage wani abu saboda wahala da jira da abin da ba a gani ba sai an buɗe, dillali kuma ya cire ribarsa. Ka ga mun sauko wajen 2 da rabi, wato daidai tayin da ya ɓata maka rai. In kuwa gwajin ya fito da kyau, ka canza kwayil da filogi, ka riƙe takardar a hannu, ka fita daga wannan lissafin gaba ɗaya.

Sai farashin da kake gani a intanet. Wannan kuɗin da masu mota suke fata ne. Motar da ta yi wata biyar a talla, abin da take gaya maka shi ne ba a saye a wannan farashin. Ka nemi sakamakon gwanjo da aka kammala, inda ake nuna abin da aka biya, ka tattara biyar ko shida masu shekara da giya da kilomita irin naka, ka yar da mafi tsada da mafi araha, ka dubi na tsakiya. Ka lura kada ka haɗa kanka da ƙirar 2009 zuwa sama. Waɗannan an ƙara musu hanyar feshin baƙin mai ta uku a kowane ɗaki, an fi amincewa da su, kuma nau'o'inta na musamman, R3 da Spirit R ta ƙarshe da aka yi wa kasuwar Japan a wani aji suke. Haka kuma kada ka haɗa kanka da masu otomatik, su suna ƙasa da kai, wannan kam ka ci riba.

Na ambaci baƙin mai. Injin nan da gangan yake ƙona shi kaɗan-kaɗan don ya jiƙa waɗancan ƙarafa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai saye da ya san kan motar zai tambaye ka sau nawa kake duba mai, ko kana yawan gajeruwar tafiya, ko ka taɓa kashe ta da sanyi fetur ya cika ta ta ƙi tashi. Rasit ɗin shekara shida da ke hannunka, in ka adana su, kuɗi ne. Salansar da ka canza kuwa ba za ta ƙara maka ko sisi ba. In ta asali tana nan, ka mayar, ko ka haɗa wa mai saye da ita.

Abu na ƙarshe da za ka duba, ka sa a ɗaga motar ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Ka ce bodi lafiya, na yarda, amma daga sama kake kallo. Shekarun baya na sayi wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu, fenti yana ɗaukar ido, na zagaya ta sau uku ban durƙusa ba ko sau ɗaya. Bayan wata biyu aka sa mata jak don canza taya, sai jak ɗin ya shige cikin ƙarfen kamar an taka busasshen ganye. An cike tsatsa ne aka shafe da fenti. Laifina ne, ni na ƙi sunkuyawa. A RX-8 ka duba bakin tayoyin baya da dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, musamman in ta taɓa zama a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Ko ka riƙe ta? A ganina masu kyau daga cikinsu za su riƙa ɗagawa a hankali, saboda ana ta yanka marasa lafiya ana sayar da kayansu, kuma Mazda ba ta sake yin motar gudu mai irin wannan injin ba tun 2012. Sai dai mai kilomita 140,000 ba ita masu tarawa za su fara nema ba, ga inshora da haraji suna ci kowace shekara, ga shi mota ce da ba ta son a ajiye ta. In kana jin daɗinta, ka gyara ka ci gaba da hawa. In kuɗi kake jira, ka yi gwajin, ka sayar wa mai sha'awar irinta kai tsaye, zai fi dillali ba ka.

TAMBAYA: Malam, ni matashi ne, na daɗe ina tara kuɗi. Na ga hoton Skyline R34 ƙirar 1999 da za a yi gwanjonta a Japan, farashin bai kai rabin rabin abin da ake faɗa ba. Wani ya ce zai saya mini. In tura kuɗin?

AMSA: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, ka tambaye shi abu ɗaya: da waɗanne haruffa lambar shasin ta fara? In BNR34 ce, GT-R ce, mai injin RB26 da turbo biyu, mai ja da ƙafa huɗu, wadda aka ƙera kimanin 11,500 kacal daga 1999 zuwa 2002. Ita ake yi wa wancan farashin. In ER34 ce, mai ja da ƙafar baya ce, injin lita 2.5, wata da turbo ɗaya wata babu. In HR34 ce, lita 2 ce marar turbo, motar zuwa ofis. Duka sunansu Skyline R34, duka suna da fitilun baya masu zagaye, kuma ana ɗaura wa ƙananan bamba da fiffiken babbar. A wannan farashin da ka faɗa, ba na tsammanin haruffan farko za ka ji.

Dalilin tsadar yana Amurka. Dokarsu ta 1988 ta hana shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idarsu ba sai ta cika shekara 25, kuma daga watan da aka ƙera ta ake ƙirgawa. GT-R ta wancan zamanin ba a taɓa sayar da ita sabuwa a can ba. R32, wato tsohuwar ƙirar GT-R, ta sami shiga a 2014, R34 ta fara a Janairun 2024. Kanada shekara 15 take nema. 'Yan kasuwa sun san kalandar nan sarai, tun shekaru kafin lokacin suka saye suka ajiye a rumbuna a Japan. Wanda ya zo yau ya tarar an gama rabo.

Ba laifi ba ne ka sayi ƙaramar in ka san ita kake saye. Amma kada ka yi cinikin biri a sama. Manyan gidajen gwanjo irin su USS dillalai masu rajista kaɗai ke shiga, dole ta hannun wakili za ka bi, kuma kowace mota tana da takardar da mai duba na gidan ya cike. Ka nemi hotonta na asali, ka kai wa wani daban ya fassara maka, ba wakilin ba. Maki 4 zuwa sama mota ce mai kyau, 3.5 tana da aiki, R kuwa na nufin ta taɓa haɗari an gyara ƙashinta. A zanen motar, A ƙarzuwa ce, U lotsawa, W fentin gyara, XX an canza ɓangaren, S da C tsatsa. A R34 tsatsar ta fi son inda shokozoban gaba ke ɗaure a cikin ɗakin inji.

Kilomita ma sai ka bincika. Agogon asali na motocin Japan a 180 yake tsayawa, masu son gudu da yawa sun cire sun sa wani, lissafi ya koma sifili. Takardar fitar da mota daga ƙasar tana ɗauke da abin da agogo ya nuna a binciken shaken na baya, wato duba lafiyar mota na dole a Japan, wanda ake yi bayan shekara uku da sayen sabuwa, daga nan duk shekara biyu. Ka gwada da abin da aka gaya maka. Sannan ka haɗa la'adar wakili, da kai ta tashar ruwa, da jirgi, da kwastan. Kafin duk wannan, ka tabbatar dokar ƙasar da kake ta yarda da mota mai sitiyari a dama mai waɗannan shekaru, domin akwai ƙasashen da ba za ta wuce tasha ba.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya rasu ya bar Honda S2000 ƙirar 2001. Shekara huɗu tana rufe a gareji, kilomita 60,000, bai taɓa canza mata komai ba. Wani abokinsa ya ce zai karɓa don ya rage mana wahala. Wani kuma ya ce in sake mata fenti kafin in sayar. Ban san komai a kan mota ba.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. A cikin motoci ukun da muka tattauna yau, taki ce ta fi dacewa da abin da masu saye ke nema. Honda ta fito da S2000 a 1999, ta daina a 2009, ba ta kuma yi mata magajiya ba. Injinta lita 2 ne marar turbo amma yana ba da ƙarfin doki wajen 240, kuma da giyar hannu kaɗai aka yi ta. Da yawa daga cikinsu matasa sun sassake su ko sun yi haɗari da su, saboda haka wadda ba a taɓa ba, mai kilomita kaɗan, ita ce ta yi wuya.

Kada ki sake fenti. Mai saye na gaske ya fi son fentin kamfani ko da ya ɗan dushe, sabon fenti kuwa tambaya yake jawowa, me aka rufe? Kada kuma ki bari kowa ya sa mata batir ya tayar don a ji ƙararta. Fetur ɗin shekara huɗu ya lalace. Bakanike ya fara zuƙe shi, ya canza baƙin mai da man birki da na kuloci, ya duba ko ɓeraye sun ci waya, sannan a tayar. Tayoyin sun tsufa ko da zanensu bai goge ba. Rufinta na yadi ne, kuma a ƙirar 2001 tagar baya ta roba ce, takan yi duhu ko ta tsage, a buɗe shi a hankali. Duk waɗannan ƙananan kuɗi ne in aka kwatanta da abin da za su ƙara mata.

Ki tattara duk takardun da ya bari, littafin sabis, rasit, makulli na biyu, har littafin da ya zo da motar. Abokin nasa wataƙila da zuciya ɗaya ya zo, ban san shi ba, ba zan zarge shi ba. Amma tunda akwai haƙƙin magada a ciki, ki sa mutum biyu da suka san irin wannan motar, waɗanda ba su da niyyar saye, kowanne ya rubuta miki ƙimarta daban ba tare da ya ga ta ɗayan ba. Ki nuna wa abokin takardun biyu. In ya amince da abin da ke ciki, ki ba shi, ya fi kowa cancanta. In ya ja baya, ki sa ta a gwanjon masu tara tsofaffin motoci, da hotunan ƙarƙashinta da na agogon kilomita.